Tsohuwar da Ke Kan Rufin Ɗakin Mandan

A tashar manyan motoci ta Magama, nan bakin iyakar Jibiya, in ka tambayi Sale mai fenti ko makaho zai nuna maka rumfata. Babu abin da ban ɗora a bayan mota ba: zaki, dawisu, jirgin sama, masallaci mai hasumiya, har da kifi mai fukafukai da wani direban Agadas ya ce ya gani a mafarki. Abu ɗaya ne hannuna bai taɓa samu ba, shi ne fuskar kakata Kulu, wadda ta raine ni a Daddara bayan rasuwar mahaifiyata.

Kaka ba ta yarda da hoto. Ko katin zaɓe ta ƙi yi saboda sai an ɗauke ta. In ka ɗaga waya a tsakar gida za ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da surar mutum, kuma ranar gobe ƙiyama ni za a tsare a ce in busa wa zakunana rai. Na roƙe ta ya fi a ƙirga. Amsarta kullum ɗaya ce: "Tahi can, tsohon miji. Mi za ka yi da huskar tsohuwa?"

Tsohon miji take ce mini, don tana da ango. Angon shi ne Isuhu, ɗan gwaggona wadda aka kai aure garin Ɗan Isa, can tsallaken iyaka. Taubashina ne, sa'ana, direban ƙaramar motar kaya. Tun muna yara in ya zo hutu shi ake ajiye wa ƙanzo, shi ake dama wa fura da nono mai kauri, ni da nake kwana a gidan a ce in wanke ƙwarya. Kowa ya san wasan kaka da jika ne. Ni ma na sani, amma sanin bai taɓa hana abin ci mini rai ba. Da wani mutumin Kano da muke kira Ciyaman ya zo neman masu sana'ar hannu da zai kai baje koli Amurka, ya ce bayan an tashi akwai aiki, abin da na fara hangowa ba kuɗi ba ne, idon Isuhu ne ranar da zai ji labari.

Baje kolin an yi shi a Minneapolis, an tafa mana, an ɗauke mu hotuna da hulunanmu. Da aka watse Ciyaman ya ce zai je ya gano masu ɗaukar aiki ya dawo. Har yau bai dawo ba. Masu masauki suka fito mana da kayanmu cikin ladabi, irin ladabin nan nasu da ya fi zagi ciwo. Abokan tafiyata kowa ya kama gabansa. Ni na yi kwanaki a wani masallaci, ina shara ana ba ni shinkafa, har wani direban tasi ɗan Somaliya ya ji tausayina. Ya ce can yamma, a Dakota ta Arewa, ana haƙar mai, manyan motoci sun fi mutane yawa, kuma ba a tambayar mai wanke mota asalinsa. Shi ya sa ni a bas, ya cusa mini tsohuwar rigar sanyinsa da dabino a leda, ko sunansa ban riƙe ba.

Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ba dutse, ba bishiyar kirki, sai iska. Na samu aiki a wata ma'aikatar wankin motoci a gefen wani ƙaramin gari. Mai wurin ya gane ba ni da inda zan kai ƙara, saboda haka lokacin aikina a bakinsa yake, abin da ya ga dama shi ne na yi. Muna kwana mu da yawa a wani ɗaki mai taya. Sanyin kuwa, na daina ba mutanen gida labarinsa don sun ɗauka ƙari nake yi. Ruwan alwala ya daskare mini a gemu. Yatsuna suka tsattsage har na fara tsoron ba za su sake riƙe burushi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi su ne motocin. Manya ne, sababbi fil, amma tsirara: fari ko toka, ba fure, ba tsuntsu, ba ko addu'a ɗaya a goshi. A Magama mai irin wannan mota kunya za ta hana shi tsayawa shan shayi. Wata rana da yamma aka kawo wata tanka da laka ta rufe ruf. Kafin in sakar mata ruwa na sa yatsa na zana dawisu a bayanta, da jelarsa duka. Ina cikin gyara masa ido na ji murya a bayana.

"Kada ka wanke tukuna."

Wata dattijuwa ce, gajera, mai furfura a kitse gida biyu, ta fito daga wata tsohuwar a-kori-kura. Ta daɗe tana kallon dawisun. Ta ce sunanta Rita, tana neman wanda zai rubuta mata allon lambun da suke nomawa da matan unguwarsu. Turancina na tasha ne, amma mun fahimci juna. Ranar hutuna ta zo ta ɗauke ni.

A ɗakin girkinta ta zuba mini miyar masara da wake da kabewa. Da ta ga ina leƙen kwanon ta yi dariya ta ce babu alade, in ci. Rabona da abinci mai ɗanɗanon gida har na manta. Ina ci ina share hanci, sai idona ya kai bango. Hotuna ne jere, ba na kyamara ba, zanen hannu ne da aka sake bugawa. Na ajiye cokali na tashi.

Na farko wani mutum ne tsaye, da hular gashin tsuntsu da ta sauka har ƙasa, da doguwar riga ta fata mai zane, da mashi a hannu. Mai zanen ya san aikinsa. Har jijiyar bayan hannun mutumin ya fitar. Na biyu gari ne a kan gaɓar wani babban kogi, ɗakuna zagayayyu na ƙasa, masu kai kamar kifaffiyar ƙwarya, hayaƙi na fita ta tsakiya. Ga rumfuna da aka rataya masara a kitse tana shan iska. Ga mata a cikin wasu jirage zagayayyu kamar masaki, waɗanda Rita ta ce da fatar ɓauna ake yin su. Ga wata tana noma da fartanyar ƙashin kafaɗar dabba. Mutane zaune a kan rufin ɗakuna suna hira, karnuka a gefe.

"Mutanenmu ne," in ji ta. "Mandan ake ce mana, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Bature. Wasu Turawa masu zane ne suka biyo kogi da jirgin ruwa, kusan shekara ɗari biyu ke nan, suka zauna da mu suka zana." Ta ɗora yatsa a kan mai hular gashin tsuntsu. "Wannan danginmu ne ta wajen uwa."

Ban san lokacin da kishi ya turnuƙe ni ba. Wallahi kishi ne, irin wanda nake ji in an miƙa wa Isuhu ƙanzo. Ga mace tana shan miya a gaban kakan kakanta, tana ganin hancinsa, tana ganin yadda yake tsayuwa. Ni kakana ko tsawonsa ban sani ba. Kasuwar Jibiya ta da, ayarin raƙuma da Kaka ke ba mu labari, rumbunan da aka rushe, babu wanda ya zauna ya zana ko ɗaya. Kuma ni da Allah ya ba hannu, na ƙare a kan kifi mai fukafukai. Na ji haushin Rita, na ji haushin Baturen da ya mutu tun tuni, na koma na zauna miyar ta fita daga raina.

Daga ranar na zama ɗan gida. Na rubuta allon, na gyara mata ƙofar lambu, ita kuma ta samo mini man shafawa da ya warkar da yatsuna. Amma duk zuwan da zan yi sai na tsaya gaban bangon nan kamar mai bin bashi. Da ƙanƙara ta narke ta kai ni wani wuri a bakin kogin inda aka sake gina irin ɗakunan don masu ziyara. Na sunkuya na shiga. Duhu, sanyin ƙasa, ƙanshin tsohon hayaƙi, haske na saukowa ta ramin sama. Ɗakin Kaka ne sak, sai dai girma. Na fito da sauri don kada a ga idona.

"Kun ji daɗi," na ce mata a waje. "Ku an zana ku. Mu babu wanda ya kula."

Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya yi rashin kunya a gidan makoki. Ta ce 'yan shekaru kaɗan bayan tafiyar masu zanen, cutar agana ta shigo ta wannan kogin, ta kwashe kusan kowa da ke cikin hoton, har da mai hular da nake ta yi wa kallon sha'awa. Waɗanda suka rage suka haɗe da maƙwabta. Daga baya aka yi madatsar ruwa ta cinye gonakin da uwarta ta girma a ciki. "Kai kakarka tana nan da rai," in ji ta. "Kana iya ɗaga waya ka ji muryarta. Da wa ya kamata a yi kishi?"

Kishin bai tafi ba, sai dai ya sami kunya ya zauna a gefe.

A hanyar komawa na gaya mata zancen Kaka da hoto. Ta ce tsofaffin matansu ma a wancan zamani ba duka suka so zanen ba, suna ganin baƙon yana ɗibar wani abu daga jikin mutum. Sannan ta tambaye ni, "Da kake roƙonta, me ka kai mata?" Na ce kakata ce, me zan kai? Ta girgiza kai. Ta ce a wurinsu abu mai daraja ba a karɓarsa da baki kawai. Ko uwarka ce ta iya ginin tukwane ko wata waƙa, in kana son ta ba ka sai ka kawo kyauta ka ajiye a gabanta, ka nema kamar baƙo, don ta san ka san nauyin abin. Ita ma haka ta karɓi irin masarar da take shukawa daga hannun kakarta.

Da muka isa gida ta ja ni gaban hoton garin. Ta ce masu zanen sarakuna da jarumai suka fi zaunarwa, su ne masu fuska da suna, alhali ɗakunan nan mata ne suka gina su, nasu ne. Ta nuna mini wata 'yar sura a kan rufin wani ɗaki, ba ta kai tsawon farce ba. Tsohuwa ce zaune, lulluɓe, ta ba mai kallo baya, tana duban kogi. "Mai hula na maza ne," in ji ta. "Ni wannan ce tawa. Babu wanda ya san ko wace ce. Amma haka kakata take zama, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka."

Ba a daɗe ba kira ya zo daga gida. Isuhu ne, ba shakka. Ya ce jikin Kaka ya matsa, ƙafafu sun kumbura, ya ajiye motarsa ya tare a Daddara yana jinyarta. Na ce ya juya wayar in gan ta. Abin da na gani rufin ɗaki ne, sai gefen mayafi.

"Wa ke nan?" na ji ta ce.

"Tsohon mijinki na, na Amurka."

"Ce mai shi zamna can da Turawa nai. Ni ga angona nan yana ba ni kunu."

Suka kwashe da dariya su biyu. Ina tsaye cikin rigar leda, tiyo a hannu, a ƙarshen duniya, ina jin dariyar nan. Na kashe wayar. A makon na bar aikin. Abin da na tara da ƙyar ya kai tikiti, shi ma sai wanda ke sauka Yamai. Rita ta kai ni tashar bas. Ta miƙo mini wani bargo da ta ɗinka da hannunta, ƙyallaye masu launi da aka harhaɗa suka ba da babban tauraro a tsakiya. Ta ce ba nawa ba ne, na san inda zan kai shi.

Daga Yamai na bi mota zuwa Maraɗi, daga nan Ɗan Isa. Lokacin an hana manyan motoci wucewa, sun yi layi a gefen titi har ido ya gaji, direbobi sun kafa murhu a ƙarƙashinsu. Ina tafe ina gane aikina: ga zakina ya koɗe, ga masallacina hasumiya ɗaya ta goge. Isuhu ya zo da babur ya tarye ni. Ya rame, idonsa ya faɗa, amma bakin yana nan.

"A'a, Bature! Ina tsarabar da ka kawo muna? Ko sanyi kaɗai ka ɗauko?"

"Ja babur, bawana. Kyautar ba ta direbobi ba ce."

Na rungume bargon a ƙirji muka bi ta Magama, muka wuce rumfata da wani ya mai da wurin sayar da fetur a kwalba, ban ce ya tsaya ba.

Kaka tana kan tabarma a inuwar ɗakinta. Ta ƙanƙance ƙwarai. Bayan an gama gaisuwa da koke-koke, mutane sun ragu, na tashi na cire takalmi, na shimfiɗa bargon a gabanta, na durƙusa nesa kaɗan kamar baƙo. Na ce na zo neman abu, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne. Ta shafa tauraron da tafin hannu, ta bi ɗinkin da yatsa.

"Wagga mace ta iya allura," ta ce. Sai ta dube ni. "Yau kuma sadaki ka kawo, tsohon miji? Huskar dai kake so?"

Na ce ita.

Ta sake shafa tauraron. Sannan ta ce, "Huska ba ni ba ka, Sale. Da ita za ni gamu da Ubangijina, ba ni barin ta a bango. Amma tunda ka zo da ladabi, ba ka tashi hannu wofi. Ka ɗauki baya." Ta ɗaga murya. "Isuhu! Zo ka juya ni."

Haka aka yi. Da safe, in rana ta ɗan hau, Isuhu zai ɗauko ta ya zaunar a bakin ɗaki, ya yafa mata bargon a kafaɗa, fuskarta ga rumbu, bayanta gare ni. Ba ta iya daɗewa zaune sai da abin jingina da mai ɗauke mata hankali, don haka shi ne zai zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa, ya riƙe hannayenta yana yi mata surutu. Ni ina baya da allona da gwangwanayen fenti. Ina ganin ƙeyarta, da ɗaurin ɗankwalinta da kullum ke karkata hagu, da kunne ɗaya mai tsohon huji. Shi yana ganin komai. Suna magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci kafaɗunta su girgiza, ban san ko dariya ba ce ko tari. Na zana da haƙorana a cije. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji na Isuhu a safiyoyin nan ba.

Da na gama na ce ta duba. Ta ce ita ba ta taɓa ganin bayanta ba, ta yaya za ta san ko na yi daidai? A nuna wa ango. Isuhu ya duba, ya tashi ya fita waje.

Kaka ta rasu kafin a yanke gero. A cikin kwanakin zaman makoki na jingina allon a zaure, ina jiran wani malami ya ce a kawar. Babu wanda ya ce. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya cak. Tsofaffin mata suka riƙa leƙowa suna kama baki: "La ilaha illallahu, Kulu ce! Ga zamanta nan." Gwaggona ta zauna a gabansa ta yini.

Bayan an watse na sami Isuhu a gindin rumbu yana ɗaure kayansa a babur. Na daɗe ina juya tambayar kafin in iya fitar da ita, don ban so ya san yana da abin da nake nema.

"Lokacin da nike zanen nan, mi huskarta ke yi?"

Na jira ya ja mini rai, ya ce sai na biya, kamar yadda taubashi zai yi. Bai yi ba. Ya ci gaba da jan igiya, bai dube ni ba.

"Kuka," ya ce. "Kullum. Tana ce mani, 'Leƙa ka gani, yaron nan ya ci abinci kuwa? Na ji hannunshi ya yi ƙashi.' Ta ce in na gaya maka ba ta yahe mani ba."

Ya tayar da babur ya nufi iyaka. Allon yana ɗakina yanzu, bargon yana ninke a ƙarƙashinsa. Na aika wa Rita hotonsa ta waya, ta amsa da cewa kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Kullum da safe ina kallon ƙeyar tsohuwar nan, ina jira kamar za ta waiwayo. In abin ya ishe ni sai in hau mota in tsallaka Ɗan Isa, in sayi goro da sukari in ajiye a gaban Isuhu, in zauna ya sake gaya mini yadda fuskar take.